Wane Wata Zan Kai Baba Su Cikin Teku?

Ɗan Kabi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga 'yan'uwanmu na Tema da Takoradi a gaɓar Gana da duk wanda ya san ruwan gishiri. Shekarata tara ina sayar da albasa a Kumasi, kuma in Allah ya yarda mahaifina zai zo mini daga Argungu. Baba masunci ne tun yana yaro. Ya shiga Matan Fada da gora da homa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har giwan ruwan da ya kusa nauyina ya taɓa fitarwa. Amma bai taɓa sa teku a ido ba. Da na tambaye shi me zan yi masa in ya zo, bai ce shadda ba, bai ce waya ba. Cewa ya yi in kai shi inda ba a hango tudu, ya jefa ƙugiya ko da sau ɗaya ne. Ni kuwa ban san kan teku ba. Wani abokina ya ce Agusta ne lokacin kifi. Wani kuma ya ce in na sa tsoho a jirgi cikin Agusta ban kyauta masa ba. Kuɗin mota da na hayar jirgi ba ƙanana ba ne, ba na so a yi tafiyar banza. Wane wata ya fi?

Hajiyar Tema: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗan nan, ya ba ka masu yi maka. Abokinka na farko bai yi ƙarya ba. Na fi shekara ashirin ina bandar kifi a nan, kuma duk mai murhu ta san Agusta da Satumba su ne kakarmu. Lokacin ne kwalekwale ke dawowa a nutse saboda nauyi, kifin da Fanti ke kira eban, wanda ku a Kumasi kuke ji ana ce wa amane, har sai mun rasa itacen banda. Ko da yake yanzu ba kamar da ba ne, kifin ya ja baya ƙwarai, amma dai har gobe babu watan da ya kamo Agusta. In kifi Baba ya zo gani, ka kawo shi Agusta.

Baban Sadiya: Hajiya, ina gaisuwa. Ki yi mini afuwa, zan saɓa miki kaɗan. Ke kina ganin Agusta daga bakin gaɓa, ni na gan shi daga cikin jirgi. Shekara goma sha ɗaya na yi a jirgin kamun kifin tuna kafin gwiwa ta sauke ni. Watan da ya fi cika miki kwando shi ne watan da teku ta fi fushi. Daga Yuni zuwa Agusta igiyar ruwa ba ta sauka, sama a rufe, iska mai sanyi, ruwan kansa ya koma kore mai duhu. Matasan da aka haifa a bakin teku ma suna jin jiki, balle dattijon da ya saba da gulbi. Kuma kifin da kike magana a kai na taru ne, da dare ake kewaye shi, ƙanana ne, tsawon tafin hannu da ɗan wani abu. Wannan bawan Allah cewa ya yi ƙugiya zai jefa. Mutumin da ya ja giwan ruwa ba za ka kai shi kallon amane ba.

Hajiyar Tema: To ai babban kifi ƙaramin yake bi, Alhaji. Ina aka taɓa ganin kura ta bar inda awaki suke?

Baban Sadiya: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ana samun manya a lokacin. Abin da nake cewa, wa zai iya tsayuwa ya ja su?

Ticha Nima: Bari in shiga tsakani, don kowannenku da gaskiyarsa. Abin da ke faruwa a gaɓar Gana da Kodebuwa daga wajen Yuli zuwa Satumba shi ne, ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama ya maye gurbin mai ɗumi. A watan Maris ko Afrilu zafin saman ruwan yana kai digiri 28 zuwa 29, amma a Agusta yakan sauko ƙasa da 25, wani lokaci har wajen 22. Wannan ruwan na ƙasa yana ɗauke da taki, kamar dai yadda ambaliya ke bar wa fadama. Da ya haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirrai da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa, shi ne koren da Baban Sadiya ya faɗa. Su amane ke ci, shi ya sa suke cika gaɓa. Sanyin ruwan nan ne ma ya sa Agusta ya fi kowane wata sanyi a Akra, ga gajimare amma ruwan sama kaɗan.

Fushin tekun kuma dalilinsa daban ne, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Lokacin da muke damina, can kudancin duniya hunturunsu ne mai tsanani. Guguwar da ake yi a kudancin Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ita ke turo dogayen raƙuman ruwa, su yi ta tafiya ba abin da ya tare su sai gaɓarmu. Shi ya sa za ka tashi da safe a Tema ba iska ko kaɗan, amma ka ga teku na ɗagawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. Wannan ɗagawar ce ke juya ciki, ba ƙananan igiyoyin da iska ke kaɗawa ba.

Bazazzagi: Ticha ka taɓo mini tabo. Jama'a ni shaida ne, kuma ba na fatan maƙiyina ya ga abin da na gani. Shekarun baya wasu abokai suka ja ni, cikin Agusta, wai mu je mu huta. Da asuba na zauna na narki wake da shinkafa da ƙwai da taliya, na kora da shayi mai madara, don an ce za a daɗe. Muna cikin tashar jirage ina ta ɗaukar hoto ina dariya. Muna wuce bakin katangar duwatsun nan, jirgin ya yi sama, hanjina ya tsaya a ƙasa. Minti ashirin ban ƙara ba na mayar wa teku da waken nan gaba ɗaya, har da na jiya. Awa shida ina kwance a kan igiya mai warin man inji, ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Wani yaron jirgi, bai fi shekara sha biyar ba, yana tsaye a kaina yana cin kenke da barkono. Aka ce an kama kifi, wallahi ban ɗaga kai ba. Ɗan Kabi, in kana ƙaunar Baba, ka bar Agusta ga su Hajiya.

Hajiyar Tema: Kai dai ragon maza ne, kada ka shafa wa Agusta laifi. Wa ya ce ka ci wake?

Bazazzagi: Hajiya na karɓi laifin waken. Sauran na Agusta ne.

Ɗan Kabi: Na sha dariya har yaran shago suna tambaya lafiya. To amma Baba fa a kan ruwa ya tashi, yini yake yi a kwalekwale. Shi ma zai iya yin jiri?

Baban Sadiya: Ƙwarai kuwa. Kada ka yarda da wannan lissafin, ɗana. Gulbi gudu yake yi, ba ya numfashi. Na ga masuntan tafkin Volta, waɗanda ko a tsaye za su yi barci a kwalekwale, sun zo teku sun kwanta rub da ciki. Ba raini ba ne, jiki ne bai saba ba. Kuma dattijo irin Baba ba zai faɗa maka yana jin jiki ba, zai daure saboda kunya, sai dai ka ga ya yi shiru yana haɗa gumi.

Ga shawarata, ka riƙe ta. Ka kawo shi tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Dalilai na su ne: ƙaramar daminar kudu, wadda ake yi daga Satumba zuwa Nuwamba, ta ƙare ko tana kan ƙarewa. Raƙuman kudu sun kwanta. Ruwan sanyin nan ya koma ƙasa, mai ɗumi ya dawo, kuma shuɗin ruwa ya matso kusa da gaɓa. Wannan shuɗin ruwan shi ake nema. In kuna tafe za ka ga wurin da kore ya ƙare shuɗi ya fara, wani lokaci a miƙe kamar an ja layi da alli, ciyayi da itatuwa da tarkace sun taru a kan layin. A nan manya ke kiwo: tuna mai rawayan fiffike, da dorado mai launin zinariya da kore, da barakuda, da mai dogon baki kamar mashi wanda Turawa ke kira malin. Tunar nan tana haura kilo 100 in ta girma. Malin kuwa macen tana wuce kilo 400, amma wannan kada ka sa rai, rabo ne, kuma ba da kayan wasa ake ja da ita ba. Dorado mai kilo goma ma ya ishi Baba labari har ya koma gida, don in ya ji ƙugiya tsalle yake yi sama da ruwa yana girgiza kai.

Ticha Nima: Na yarda da Nuwamba zuwa Disamba, sai dai ni zan matsa gaba kaɗan. Farkon Nuwamba har yanzu ana samun hadarin yamma mai tsawa. Me zai hana Janairu? Ni a ganina babu lokacin da teku ke kwanciya kamar tsakiyar hunturu, sai ka ce an shimfiɗa tabarma.

Baban Sadiya: Kwanciya kam tana kwanciya, Malam. Matsalar Janairu biyu ce. Ta farko hazo. In hunturu ya sauko da ƙarfi, ƙurar nan da ke tasowa daga Bodele ta Chadi ba ta tsayawa a Kano ko Tamale, har cikin teku take shiga. Sai ka kasa ganin abin da ke gabanka da kilomita ɗaya ko biyu, ga manyan jiragen dakon kaya suna jiran shiga Tema, su ba sa ganin ƙaramin jirgi. Tsuntsaye ma ba za ka hango su ba, alhali da tsuntsu ake neman tuna: inda ka ga suna faɗawa ruwa kamar ana jifa da duwatsu, akwai manya a ƙasa suna koro ƙanana sama. Ta biyu, kai da kanka ka san akwai ƙaramin tasowar ruwan sanyi a wajen Janairu, na 'yan makonni. Ba ya kai na Agusta, amma yakan tura shuɗin ruwa nesa, sai an ƙara ƙona mai.

Bazazzagi: To ai an huta. Baba cewa ya yi a kai shi inda ba a hango tudu. A Janairu ku ɗan matsa kaɗan daga gaɓa, hazo ya rufe gari, ka ce Baba mun iso tsakiyar teku. An rage kuɗin mai.

Ɗan Kabi: Kai Bazazzagi, tsohon da ke gane zurfin ruwa da launinsa shi za a yi wa wannan? Sai ya kore ni daga gado.

Ticha Nima: Na sallama a kan hazo, ban yi tunaninsa ta fuskar tsuntsaye ba. To Fabrairu da Maris fa? Hazo ya tafi, ruwa ya yi ɗumi sosai.

Ustazu Zango: Kafin Alhaji ya amsa, ku tuna azumi yanzu a tsakanin Fabrairu da Maris yake faɗowa. Rana a kan teku ba irin ta tudu ba ce, daga sama tana dukanka, daga ruwa tana dawo maka. Ba na ba da shawarar a kai dattijo yawon sha'awa da bakinsa a rufe, kuma ba a so mutum ya ƙirƙiro tafiya don ya sha azumi. A bar watan ga abin da aka yi shi dominsa.

Tunda na shigo, bari in amsa abin da na san zai taso. Alwala da ruwan teku ta halatta. Masu shiga teku ne suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Sallah a cikin jirgi, in mutum zai iya tsayuwa ya tsaya, in yana tsoron faɗawa ruwa ko jiri ya kama shi ya zauna. Alƙibla daga gaɓar Gana gabas ce da ɗan karkata arewa.

Baban Sadiya: Allah ya saka, Ustaz. Ban da azumi ma, daga Maris zuwa Mayu lokacin hadarin bazara ne, kuma Ɗan Kabi ya san shi tun daga gida: gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, sai guguwa ta sauko gaba ɗaya. Irinsa ne a nan, daga gabas yake zuwa. A tudu ka ruga ɗaki. A teku ina za ka ruga? Cikin rabin awa ruwan da yake kwance zai tashi tsaye. Kifi akwai shi a watannin nan, ruwa shuɗi ne mai kyau, ƙwararru suna fita suna samu. Amma da baƙo dattijo, ni ba zan zaɓa ba sai in babu yadda za a yi.

Ɗan Agege: Mu ma a Legas kusan haka lissafin yake. Masu fita bayan gari da ƙananan jirage daga Nuwamba suke farawa har wajen Afrilu. Yuni da Yuli kuwa ko mai taurin kai ba ya son ƙetare bakin mashiga. Abin da zan ƙara, wata ɗaya ne, amma awa ma tana da muhimmanci. Ku fita da an sallame asuba. Kafin azahar iskar teku ke tashi, da la'asar ta yi ƙarfi, dawowa ta zama duka. Ƙarfe shida kuna kan ruwa, ƙarfe ɗaya ko biyu kun juyo.

Ɗan Bur Sudan: Salamu alaikum 'yan'uwa na yamma. Ina karanta ku ina mamaki, don mu a Bahar Maliya lissafinmu a juye yake. Ba mu da raƙuman da ke zuwa daga nesa, tekun a tsare take tsakanin ƙasa da ƙasa. Abin da ke hana mu fita a Yuli da Agusta zafi ne, yana wuce digiri 40, ƙanƙara ta narke kafin kifi ya iso kasuwa. Da sanyi kuma iskar arewa ce ke takura ƙananan jirage. Kowace teku da kalandarta. Ku sa mu a addu'a dai, tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 ba wanda ke zancen fita don nishaɗi.

Hajiyar Tema: Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.

Ɗan Kabi: Amin ya Allah. Wani yaro a nan ya tsorata ni da zancen mahaukaciyar guguwar da ake nunawa a talabijin, wai daga Yuni zuwa Nuwamba ake yinta a Atlantika. Nuwambar da kuke faɗa ba ta ciki?

Ticha Nima: Kwantar da hankalinka. Gaskiya ne lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma ba ta zuwa nan. Hadarin da ke wuce mu ya nufi yamma shi ne wani lokaci yake zama irinta bayan ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bad, daga nan ta nufi Karebiyan da Amurka. Mu mun yi kusa da tsakiyar duniya da yawa, ba ta iya ƙulluwa a nan. Mu ke aika musu, ba su ke aiko mana ba.

Hajiyar Tema: To tunda maza sun haɗa kai sun kayar da Agusta, bari in faɗi abin da kuka manta. Ɗan nan, ko wane wata ka zaɓa, kada ka sa ranar Talata. Masuntan yankin nan ba sa shiga teku ran Talata, ranar gyaran taru ce da hutu, kuma sarkin masunta yana cin tarar wanda ya karya. In ka zo Talata sai dai Baba ya ga kwalekwale a jere a kan yashi. Na biyu, ka duba wata. In farin wata ya yi, daren sha huɗu da kewayensa, masu taru ba sa samun kirki, kifi yana tsada a kasuwa. A duhun wata ake ganin garken kifi yana ƙyalli cikin ruwa kamar an watsa garwashi.

Ɗan Agege: Ustaz, wannan zancen Talatar ba camfi ba ne? Na ji an ce wai ranar abin bautarsu na teku ce.

Ustazu Zango: Abin da suka ƙudurta a kanta nasu ne, mu ba mu ƙudurta ba, kwanaki duk na Allah ne. Amma doka ce ta masu wuri, ba ta sa ka saɓon Allah ba, ba ta hana ka farilla ba. Baƙon da ya zo da tsohonsa ba shi zai je ya karya ta ba. Akwai sauran kwana shida.

Baban Sadiya: Zancen wata da Hajiya ta kawo, a wurin mai ƙugiya da rana bai kai na mai taru nauyi ba, ko da yake matuƙa da yawa ba sa son safiyar da ta biyo bayan farin wata, suna cewa kifi ya kwana yana kiwo ya ƙoshi. Inda wata ya fi shafarka shi ne cika da janyewar ruwa. Sau biyu teku ke cika a yini da kwana, kullum tana jinkiri da kusan minti 50. A tsakiyar wata da ƙarshensa cikar ta fi yawa, janyewar ma haka. Wannan zai dame ka ne in daga Ada za ku tashi, inda Volta ke shiga teku. Wurin yana da kyau, kuma zurfi bai da nisa daga can, amma bakin kogin mugun wuri ne in ruwa na janyewa ya yi karo da raƙuman da ke shigowa. Ya ci jirage. In daga can ne, matuƙi ne zai faɗa muku awar fita, ba ku za ku faɗa masa ba. Ni dai da tsoho na fi son Tema, a taka daga kan dakali a shiga jirgi cikin tashar da katanga ta kare, ba a tura kwalekwale cikin igiyar bakin yashi ba.

Ɗan Kabi: Ni da na yi niyyar Elmina, don daga Kumasi ta fi mini sauƙi, kuma in nuna masa tsohon gidan bayin nan.

Ticha Nima: Elmina akwai mafaka mai kyau a bakin tafkin Benya, kuma ganin ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci kaɗai abin zuwa ne. Amma ka san wani abu: ƙasan teku ba lokaci ɗaya take zurmawa ba. Akwai fili marar zurfi sosai da ya miƙe daga gaɓa, sai a ƙarshensa a faɗa kwari. A gabas, wajen bakin Volta, faɗin filin nan kilomita 20 ne da 'yan kai. A tsakanin Kef Kos da Takoradi kuwa ya kusa kilomita 90. Wato daga Elmina sai kun yi tafiya mai tsawo kafin ku kai inda zurfi na gaske yake. Ka kai shi Elmina yawon ido, ku shiga ruwa daga Tema.

Baban Sadiya: Haka ne. Kuma in wani ya ce zai kai ku kusa da jirgin haƙar mai na yamma, wai kifi ya taru a ƙarƙashinsa, ka ce a'a. Kifin yana taruwa, gaskiya ne, amma an hana matsawa kusa da mita 500, sojan ruwa na kamawa. Sannan kada ka bi masu kwalekwalen ƙugiya da ake kira lagas don araha. Mutanen kirki ne, sun fi kowa sanin duwatsun da jan kifi ke kwana, amma da akwatin ƙanƙara suke fita, sai su yi kwana uku ko fiye ba su dawo ba. Ba za su juyo don Baba ya gaji ba. Ka nemi wanda za ku yi yarjejeniyar yini ɗaya, ka ga jirgin da idonka kafin ka ba da ko sidi ɗaya: rigar ruwa ta kowa da kowa, rumfa, na'urar nuna hanya, man da zai kai ya dawo har ya yi saura. In inji biyu ne ya fi. Ni na taɓa kwana biyu a kan ruwa saboda inji ɗaya da ya mutu, muna kallon fitilun gari suna ƙanƙancewa, ruwa na jan mu gabas. Ranar da aka jawo mu, a gaɓar Togo muka sauka.

Hajiyar Tema: Ka kuma tambayi zancen rufe teku in ka sake sha'awar damina wata shekara. Tun 2016 gwamnati ta fara hana manyan jirage kamun kifi na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, a 2019 kuma ta haɗa da masu kwalekwale. An saba rufe wa masu kwalekwale watan Yuli, manyan jiragen jan taru kuma Yuli da Agusta. A 2025 an ɗage wa masu kwalekwale. Kowace shekara sai an saurari sanarwa. Nuwamba da Disamba dai ba ruwanka da wannan.

Bazazzagi: Hajiya da bakinta ta ce Nuwamba. Jama'a a rubuta.

Hajiyar Tema: Ban sauka daga kan Agusta ba, saboda tsohon na yi shiru. In ya zo ka biyo da shi wurina, in ba shi bandar da bai taɓa ci ba a Kabi.

Ɗan Kabi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar: makon farko na Disamba. Lokacin Baba ya gama da girbin shinkafa, ni ma kasuwa ba ta kai ga rububin ƙarshen shekara ba. Zan ware kwana huɗu a Tema, Laraba zuwa Asabar, don in ranar farko ba ta yi ba a samu ta biyu. Hakan ya yi?

Baban Sadiya: Ya yi, kuma ware kwanakin nan shi ne mafi hankali a duk abin da aka faɗa yau. Ka cire Juma'a saboda masallaci, saura uku. Ka sa manhajar yanayi ta Windy a wayarka ka riƙa duba iska da tsayin igiya tun saura mako, ka kuma saurari hasashen hukumar yanayi ta Gana. In igiya ta haura mita ɗaya da rabi, ku sha shayi ku zaga gari. In matuƙi ya dubi sama da asuba ya ce yau ba fita, kada ka roƙe shi, kada ka ƙara masa kuɗi. Daren da za ku fita Baba ya yi barci sosai, da safe ya ci abu marar maiƙo, busasshen burodi ko ɗan koko, ya riƙe citta a baki. Akwai ƙwayar hana jiri a kemis, awa ɗaya kafin shiga ake sha, amma tana sa barci, kuma in yana shan maganin hawan jini ko wani abu a fara tambayar likita. A cikin jirgi ya zauna tsakiya ko baya-baya inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, ya riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Hula mai faɗi da igiyar ɗaurewa a haɓa, ba zanna bukar ba, teku ta ci huluna da yawa. Ka tura mini saƙo ta gefe in lokaci ya matso, in ƙafa ta bar ni zan zo dakali in gaishe shi.

Ɗan Kabi: Yanzu na gama waya da Baba, na karanta masa kusan duka. Ya yi dariyar Bazazzagi har da tari. Ya ce a gaida Hajiya, ya karɓi tayin banda. Zancen layin da ke tsakanin kore da shuɗi ne ya fi kama shi, ya ce haka ruwan gulbi ke yi inda Rima ta haɗu da wani ruwan, kuma nan ma manya ke tsayawa. Tambaya ɗaya ya ce in yi wa Alhaji: zai zo da ƙugiyoyinsa da ya saba da su, na maƙerin garinmu, ko ruwan gishiri zai cinye su?

Baban Sadiya: Ka ce masa ya zo da su. Yini ɗaya gishiri ba zai yi musu komai ba, in an dawo a wanke da ruwan famfo a shafa mai. Igiya dai kada ya wahalar da kansa, ta nan ta fi ƙarfi, kuma sai an sa guntuwar waya a gaban ƙugiyar saboda haƙoran barakuda. Safar hannu ma ka saya masa mai kauri, ko zai ce ba ya so.